Ƙidayar birus a bisa fatar mutum

Ko mutum ya yi wanka da sabulu, akwai ƙananan halittu masu yawa zaune a bisa fatarsa. Ido ba ya ganinsu. Waɗansu sunansu bakteri, waɗansu kuma birus. Birus ya fi bakteri ƙanƙanta ƙwarai. In an jera bakteri 1.000, za su kai tsawon milimeta 1. Birus kuwa, sai an jera kamar 10.000.

Birus na fata iri biyu ne. Na farko suna shiga cikin fatar mutum, kamar wanda ke kawo tusar jaki. Na biyu ba ruwansu da mutum, bakteri suke kamawa. A shekarar 1917 wani masani mai suna Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya raɗa musu suna bakteriyofaj, wato masu cin bakteri.

Don me ake ƙidaya su? Akwai cututtukan da ke sa fata ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi, ta tsattsage. Kirci yana cikinsu. A wurin da kirci ya kama, wani bakteri mai suna stafilokok yakan yi yawa. Likitoci suna son su san ko birus ma suna ƙaruwa a wurin, ko suna raguwa.

Ga yadda ake aikin. Da farko, a jiƙa auduga mai tsabta da ruwan gishiri, a goge wurin ciwon. A ɗauki wata audugar, a goge wuri mai lafiya a jikin mutumin nan ɗaya. Na biyu, a wanke kowace auduga cikin ruwa, a tace ruwan da mataci mai ƙananan ƙofofi. Kamar yadda rariya ke riƙe tsaki ta saki gari, haka matacin ke riƙe bakteri ya saki birus. Na uku, a fasa birus ɗin, a fitar da wani siririn zare da ke cikinsu, wanda ake kira ADN. Zaren kowane iri daban yake, kamar zanen yatsa. Daga ƙarshe, na'ura ta karanta zaren, kwamfuta ta ƙidaya kowane iri.

Aikin yana da wuya. Abin da auduga ke ɗaukowa kaɗan ne, ƙura ma tana iya ɓata shi. Saboda haka akan auna wata auduga wadda ba ta taɓa fatar kowa ba. Abin da aka samu a jikinta, ba na fata ba ne, sai a cire shi daga lissafi. Ban da haka, da yawa cikin birus ɗin da ake samu, ba a riga an san su ba.

Bayan ƙidaya, sai a gwada lissafin wurin ciwo da na wuri mai lafiya. A nan ake yin hattara. Ganin birus a wurin ciwo bai nuna shi ya kawo ciwon ba. Ba duk wanda aka gani a bakin gona ne ya saci gero ba. A shekarar 2008, a birnin Pittsburgh na Amurka, an gano wani birus cikin wata irin sankarar fata. Daga baya aka same shi a fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya.

Sanin mai kawo cuta shi ne farkon magani. Maganin da ke kashe bakteri ba ya kashe birus. Don haka, yaron da kircinsa ya fito da ƙuraje masu ruwa, ga kuma zazzaɓi, kada a saya masa ƙwayoyi a kasuwa. A kai shi asibiti da gaggawa.

Tambayoyi

1. Birus nawa ake jerawa su kai milimeta 1?
2. Mene ne bakteriyofaj?
3. Don me ake goge wuri biyu a jikin mutum ɗaya?
4. Mene ne amfanin audugar da ba ta taɓa fata ba?