Yadda ake zaunar da gini a kan taswirar kwamfuta

Yara, wane ne a cikinku bai taɓa gina ɗaki ko saniya da yumɓu ba? In ka gama, sai ka ɗauki abinka ka aje inda kake so. In wurin bai yi maka ba, ka matsar da shi, ko ka juya shi ya dubi wani gefe. Akwai masu yin irin wannan aiki a cikin kwamfuta. Su ba yumɓu suke taɓawa ba, da lambobi suke aiki.

Ku dubi taswirar da ke rataye a bangon aji. Shimfiɗaɗɗiya ce. Duwatsun Abzin da filin Tenere duk daidai suke a kanta, babu tudu, babu kwari. Amma akwai wata irin taswira ta cikin kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kuma tsayi. A cikinta dutse yakan tashi sama, gini kuma ya tsaya da ƙafafunsa. Wadda aka fi sani ita ce Google Earth, wadda ta fito a shekarar 2005. An haɗa ta da hotunan da taurarin ɗan adam da jiragen sama suka ɗauko.

Hoton da aka ɗauko daga sama rufin gini kawai yake nunawa. Saboda haka mutane suka riƙa zana siffofin gine-gine da wata manhaja mai suna SketchUp, suna aikawa ta intanet don a ɗora su a kan taswirar. Wani yana wannan ƙasa, wani yana waccan, amma taswira ɗaya suke wa aiki. A shekarar 2013 kamfanin Google ya daina karɓar siffofin jama'a a cikin babbar taswirarsa. Duk da haka dabarar zaunar da siffa ba ta sake ba, ana koyon ta har yau.

Bari mu ɗauki misali da babban masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27. A ce wani ya zana siffarsa, ta yi kyau, har da itatuwan da suka fito a jikin hasumiyar. Kwamfuta ba ta san Agadas ba. Sai an gaya mata wurin da lamba biyu. Ta ɗaya tana faɗin nisan wurin daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Ta biyu tana faɗin nisansa daga layin Girinwic, wanda ya ratso ta Ingila, ya bi ta Mali da Burkina Faso da Gana. Agadas tana wajen digiri 17 arewa, digiri 8 gabas.

A nan ake son natsuwa. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 111. Ke nan ɗan kuskure kaɗan ya isa ya fitar da masallaci bayan gari. In mai aikin ya musanya lambobin, ya rubuta 8 a gurbin 17, ya rubuta 17 a gurbin 8, masallacin Agadas zai tsinci kansa a kudancin Cadi. In kuwa ya manta bai rubuta komai ba, ya bar sifiri da sifiri, to siffar za ta faɗa cikin teku, can kudu da Gana, inda layukan nan biyu suka gamu. Masu taswira sun san wurin nan sarai, don kayan da suka ɓace musu sau da yawa can suke taruwa.

Akwai lamba ta uku, ta tsayi. Agadas ta ɗara teku tsayi da wajen mita 500. In aka ce wa kwamfuta ta auna daga teku, aka kuma ba ta sifiri, masallacin zai nutse cikin ƙasa, ko kan hasumiyar ba za a gani ba. In aka ce ta auna daga doron ƙasa, aka ba ta 500, sai ka gan shi yana shawagi kamar shaho. Shi ya sa da yawa sukan zaɓi umurnin da ke manna gindin gini da ƙasa.

Don a matsar da siffa, manhajar SketchUp tana nuna layi uku. Jan layi ya nufi gabas, kore ya nufi arewa, shuɗi ya nufi sama. Mai aiki yakan kama siffar ya ja ta a kan layi ɗaya tak, sannan ya koma ga wani. Wanda ya ja ta barkatai yakan zaci gaba ya tura ta, alhali sama ya ɗaga ta.

Saura juyawa. Kun san da'ira tana da digiri 360. Ana fara ƙirga daga arewa, a bi yadda hannun agogo yake tafiya: arewa sifiri, gabas 90, kudu 180, yamma 270. In aka juya siffar masallaci da digiri 180 bisa kuskure, gaban liman zai koma yamma, masallaci ya ba gabas baya. Ko ƙaramin yaro a Agadas ya gani zai ce wannan ba daidai ba ne. Ana iya karkata siffa gaba ko gefe, amma gini ba ya bukatar haka. Wannan ya fi amfani ga siffar jirgin sama.

Kowace siffa tana da wani ɗigo da take juyawa a kansa. Ku tuna da akuya a turke. In igiyar gajera ce, a wuri ɗaya take kewayawa. In doguwa ce, sai ta zagaya har cikin gonar maƙwabci. Haka siffa take. In mai zane ya bar ɗigon nan nesa da ginin, da an juya kaɗan sai ginin ya yi tsalle ya faɗa wata unguwa. Gwanaye sukan kafa turken a kusurwar gini, a ƙasa, tun kafin su fara zane.

Me ya sa ake wannan wahala duka? Domin taswirar ba ta mutum ɗaya ba ce. In ka aje gininka a karkace, zai hau kan titi, ko ya shige cikin ginin da wani ya sha wuya ya zana. Baƙon da bai taɓa zuwa garin ba kuwa zai gaskata abin da ya gani. Don haka kafin mai aiki ya aika da siffarsa, yakan dube ta daga sama, ya tabbata bangonta ya hau daidai kan hoton ginin. Sannan ya sauko ya dube ta daga gefe, ya ga ko gindinta ya taɓa ƙasa.

Tambayoyi
1. Ina siffa za ta faɗa in aka bar mata sifiri da sifiri?
2. In ƙofar ɗaki tana duban arewa, aka juya ɗakin da digiri 90 yadda hannun agogo yake tafiya, ina ƙofar za ta duba?
3. Ku fita fili, ku zana taswirar makarantarku a ƙasa. Ku sa kwalin ashana a matsayin ajinku, ƙofarsa ta dubi inda ta gaske take duba.