Me Ke Hana Yaran Shago Kammala Koyon Sana'a a Adjamé?

Da sassafe motocin haya na gbaka ke sauke matasa daga Abobo a tashar Adjamé ta ƙasar Kodebuwa, wasu su nufi shagunan ɗinki, wasu rumfunan gyaran waya na kasuwar Black Market. Ba dukkansu ke kai wa ranar yaye ba.

Kuɗin mota ne ke fara karya gwiwa. Yaron shago ba shi da albashi, sai abin da maigida ya miƙa masa na abinci. In ya ga sa'ansa yana tura amalanke a kasuwa yana komawa gida da kuɗi, haƙurin shekara uku yakan gagare shi. Ɗan Nijar da ya zo ci-rani kuwa, damina na faɗuwa gona ke kiransa.

Tun 2015 dokar Kodebuwa ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, amma jarrabawar shaidar sana'a ta CAP da Faransanci ake yin ta, abin da ke tsaida wanda makarantar allo kaɗai ya yi. Abin takaici ne, domin hannunsa ya iya aikin.

Waɗanda suka daure galibi suna da maigidan da ke sakar musu almakashi da wuri, ba aike kaɗai ba.