Zafin Ruwa da Guba Mai Rikita Halittar Kifi

Duk mai kiwon kifin da ya taɓa fitowa da asubahin fari a tsakiyar bazara, ya tarar da karfasa sun taso saman kududdufi suna hangame baki, to ya ga da idonsa abin da masana suka tabbatar da awo, wato ruwa yana rasa iskar shaƙa gwargwadon ɗuminsa. Litar ruwa mai zafin digiri 20 takan riƙe kimanin miligiram 9 na wannan iska, amma a digiri 30 ba ta kai 8 ba, alhali kifi, da yake jikinsa zafin ruwa yake bi, a lokacin ne bukatarsa ta iska ke ƙaruwa.

Sai dai akwai wata musiba wadda ta fi wannan ɓuya, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Allah cikin hikimarSa ya sanya wa kifi waɗansu sinadarai a jini, ana ce musu homon, su ke hukunta girmansa da haihuwarsa, kuma mizaninsu yana da laushi ƙwarai, ta yadda ɗan abu kaɗan ke karkata shi. Daga 2001 zuwa 2003, wata masaniya mai suna Karen Kidd da abokan aikinta suka riƙa zuba sinadarin ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafkin gwaji a lardin Ontariyo ta Kanada, kashi 5 zuwa 6 kacal cikin tiriliyan, daidai da abin da akan samu a ruwan magudanan birane bayan an tace shi. Ruwan na nan garau, babu wari, babu launi, amma mazan wani ƙaramin kifi suka soma ƙera sinadarin ƙwai irin na mata, har aka iske ƙwai a marainan waɗansunsu, zuriyarsu kuwa ta kusa ƙarewa ƙaf.

Shi ma zafi yana taɓa wannan mizani. An tabbatar cewa 'ya'yan karfasa, waɗanda uwa ke reno a cikin bakinta, idan suka sha zafin kusan digiri 36 a makonninsu na farko, da yawa daga waɗanda asalinsu mata ne sukan tashi maza. To, ina ga kifin da zafi da guba suka haɗu a kansa a rafi guda? Masunci ba zai ga gawa a kan ruwa ba, balle ya kai kuka. Komarsa ce kawai za ta riƙa fitowa da sauƙi shekara bayan shekara.