Tabar Lantarki da Mai Ciwon Suga: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Tabar lantarki ta shigo ƙasar Mafara a aljihun samarin da suka je ci-rani Abuja ko Kano ko Legas. Ɗan abu ne mai kama da alƙalami ko kwalbar turare, ana zuƙa ya fitar da farin tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a. Da fari abin gayu ne na matasa. Yanzu kuwa ta shiga zancen magidanta, musamman waɗanda likita ya ce suna da ciwon suga kuma lallai su bar sigari. Yaro ya dawo gida Damaga ko Bakura ya tarar mahaifinsa na fama, sai ya ce, "Baba, ku koma wa wannan mana, ai tururi ne kawai." A majalisa wani ya ce ina, ai wannan ta fi sigari kisa, a Amurka ta hallaka mutane. Wani kuma ya ce shi ya san wanda ya bar taba sugansa ya hau, don haka a bar kaza cikin gashinta.

Babu ɗaya daga cikin maganganun nan da aka ƙirƙira daga iska. Kowace tana da tushe, sai dai an yanke mata kai ko wutsiya kafin ta iso nan.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne haɗin sigari da ciwon suga mugun haɗi ne. Rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya nuna cewa mashaya sigari sun fi waɗanda ba sa sha haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Wanda ya riga ya kamu kuwa, matsalarsa a jijiyoyin jini take. Duk manomin da ke noman rani a Bakolori ya san cewa idan magudanar ruwa ta cushe da laka, gonar da ke can ƙarshe ce ke fara bushewa. Suga na lalata cikin jijiya, hayaƙin taba na ƙara tsuke ta yana sa jini saurin daskarewa, ƙafa kuma ita ce gonar ƙarshe. Daga nan ake samun gyambon da ya ƙi warkewa, har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Ƙoda da ido da zuciya duk hanyarsu ɗaya. Ga wanda ke zaune a ƙauyen Maradun, inda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ke cin kuɗi, ga kuma fargabar hanya, gyambon ƙafa ba ƙaramin al'amari ba ne.

To, "tururi ne kawai" fa? Wannan ƙarya ce, ko da mai faɗin ta da zuciya ɗaya ya faɗa. Ruwan da ke cikin na'urar haɗi ne na sinadarai biyu masu kauri, firofilin gilaikol da gilsarin, da kayan ƙamshi, da nikotin. Batir ne ke zafafa wata 'yar waya, ita kuma ta mai da ruwan ya zama hazon da ake shaƙa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin ta zamani a 2003, kuma manufarsa ita ce a sami nikotin ba tare da an ƙona ganye ba. Nikotin ɗin nan shi ne abin da mai ciwon suga ya kamata ya zuba wa ido. Yana sa jiki ya saki sinadaran firgita, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke, hanta ta tura suga cikin jini, insulin kuma ya rage kaifi. Wutar ashana ce ta kawo shi ko batir, aikinsa a jiki bai canza ba.

Amma gaskiya ne cewa tabar lantarki ba ta kai sigari guba ba, kuma wanda ya musanta haka don tsoratar da mutane shi ma bai yi adalci ba. Yawancin abin da ke kashe mashayi daga ƙonewar ganye yake fitowa: baƙin danƙon da ke manne wa huhu, da iskar nan mai guba irin ta gawayi da janareta, wadda ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce tabar lantarki ta fi sigari sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin 100. Wannan adadi ya zagaye duniya, 'yan kasuwa sun riƙe shi gam. Masana da yawa sun soke shi, domin ƙiyasi ne na wasu ƙwararru, ba sakamakon bin diddigin marasa lafiya na shekaru ba, kuma ba a kan masu ciwon suga aka yi shi ba. Raguwar guba gaskiya ce. Lambar ce bai kamata a ɗauke ta kamar awon sikeli ba.

Shin tana taimakawa a bar sigari? Tana taimaka wa wasu. A wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 886, aka buga a 2019, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba tabar lantarki sun kai shekara ba su sha sigari ba. Cikin waɗanda aka ba cingam ko filastar nikotin kuwa, kashi 9.9 ne. Sai dai akwai sauran labarin da ba a cika faɗa ba. Cikin waɗanda suka yi nasara da tabar lantarki, takwas cikin goma suna nan suna zuƙar ta bayan shekara guda. Sun rabu da hayaƙi, ba su rabu da nikotin ba. Kuma dukansu sun sami masu ba su shawara ido da ido na makonni. Shi ya sa hukumomi suka rabu: Ingila na ƙarfafa mashaya su koma mata, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a Disambar 2023 ta yi kira da a tsaurara mata doka, ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka kuma shawararta ga marasa lafiya ita ce su guji duka biyun.

A nan ne nake ganin mutumin Damaga ya kamata ya yi lissafin kansa, ya bar na Ingila. Can doka ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kuma daga 1 ga Yunin 2025 sun hana sayar da irin wadda ake sha a jefar. Irin wannan mai sha-ka-yar ɗin ce ta fi yawo a kasuwanninmu, da yawa an rubuta 5% a jikinsu, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi na abin da Ingila ta yarda da shi. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kowa ya san kara-kara ake saya a wurin mai tireda da mai shayi. Idan abin da ke fili bai sami mai tsawatarwa ba, wa ya duba ruwan da ke cikin kwalbar da aka sayo a tasha?

Sannan ga maganar samu. Sigari na nan a kowane lungu, da ɗan canji an saya. Tabar lantarki kuwa sai an yi sautu birni, kuɗinta dubbai ne a lokaci guda, wata kuma sai an kai ta caji. Ranar da ta ƙare da dare, ga ƙishin nikotin da ya saba da mai ƙarfi, ina mutum zai nufa? Tireda. Haka ake wayar gari ana shan biyu, lantarki da rana, sigari da dare, mutum yana ta murna wai ya rage. Wannan ragin ba ya tsinana abin da ake zato. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2018, ya gano cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan kara 20. Huhu na iya jin sauƙin ragi, jijiya ba ta ji sosai, mai ciwon suga kuwa jijiyarsa ce a kan siraɗi. Duk amfanin da aka ambata wa tabar lantarki, ga wanda ya bar sigari kwata-kwata ne.

Zancen mutuwar Amurkawa ya faru, amma an ɗora shi inda ba nan ba. Daga 2019 zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu. Da aka bincika, sai aka ga yawancinsu ruwan wiwi na bayan fage suka zuƙa, wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E. Wannan bai nuna cewa tabar lantarki ta fi sigari kisa ba. Ya nuna haɗarin zuƙar ruwan da ba a san wanda ya haɗa shi ba.

Masu cewa ɗanɗanon mangwaro ko alewa shi ke ɗaga suga su ma sun kauce. Ƙamshi ne da ɗan abin zaƙi kaɗan. Nikotin ne mai laifin, kuma mai ƙamshin na'ana'a da mai ƙamshin taba duk suna da shi.

Maganar da ta fi hana mutane motsi ita ce ta hawan suga bayan an daina, kuma ba za a ce ƙarya ce ba. Masu bincike a Birtaniya sun duba bayanan mashaya 10,692 masu ciwon suga, suka buga sakamakon a 2015. Waɗanda suka daina, gwajin HbA1c nasu, wanda ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, ya ƙaru da 0.21 a shekarar farko. Wato mai 7.5 ya koma wajen 7.7. Zuwa shekara ta uku bambancin ya ɓace. Ƙiba ma tana zuwa, kilo 4 zuwa 5 a matsakaici cikin shekara, domin baki ya buɗe, abinci ya dawo da daɗinsa. A nan gida kuma mun san abin da hannu ke kaiwa baki idan ya rasa kara: alewa, rake, lemon kwalba, shayi mai suga cokali uku, fura da aka zuba wa suga. Wannan hawa ɗan kaɗan ne, likita na iya gyara shi da daidaita magani da abinci. Bincike mai tsawo a Amurka, da aka buga a 2018, ya nuna cewa ko waɗanda suka yi ƙiba bayan sun daina, haɗarin mutuwarsu da ciwon zuciya ya ragu idan aka gwada da waɗanda suka ci gaba da sha. Wanda ya koma wa sigari don na'urar awo ta nuna ƙari a watan farko, ya yi mummunan ciniki.

Akwai kuma tarkon da ba a faɗa a majalisa. Ƙishin taba na zuwa da yunwa da rawar jiki da gumi da saurin fushi, alamomin faɗuwar suga ke nan sak. Sai mutum ya ɗauka sugansa ne ya faɗi ya kwankwaɗi lemo alhali ƙishin nikotin ne, ko ya ɗauka ƙishin taba ne ya share alhali suga ne ya yi ƙasa. Mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na gilibenkilamaid shi ya fi shiga wannan haɗari, domin a wasu mutane insulin na ƙara aiki bayan an daina taba. Na'urar awon suga ce kaɗai ke raba gardama. Shi ya sa ake gaya wa ma'aikacin lafiya kafin a daina, a kuma yawaita awo a makonnin farko.

Shisha da taba gari da anwuru ba mafaka ba ne. Ruwan tukunyar shisha ba ya wanke guba, ga hayaƙin gawayi a kai. Tabar da ake ƙunsawa a baki da kanwa cike take da nikotin, tana kuma cin dasashi, wanda ciwon suga ya riga ya raunana.

Hanyoyin da aka fi tabbatarwa suna nan. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan barin taba, inda ta amince da cingam da filastar nikotin, da magungunan bareniklin da bufurofiyon da sitisin, haɗe da shawarar ma'aikacin lafiya. Cingam da filasta su ma nikotin ne, amma a gwargwado sananne, ana rage shi mataki-mataki har a bari cikin kamar wata biyu zuwa uku. Bareniklin an gwada shi a kan masu ciwon suga kansu a Italiya, mutum 300, ya kuma yi aiki. Yana bukatar takardar likita, mai ciwon ƙoda kuma sai an rage masa. Wanda zai je ganin likita a babban asibitin Talata Mafara ko Gusau, ya tambaya a wannan zuwan, ya faɗi kara nawa yake sha a rana ba tare da ɓoyewa ba.

Wanda kuwa ya riga ya koma tabar lantarki, ya kuma bar sigari gaba ɗaya, kada wannan bayani ya mai da shi tireda. Ya riƙe inda yake, ya nemi mai ƙarancin nikotin, ya sa wa kansa watan da zai ajiye ta ita ma. Ya ci gaba da auna suga da hawan jini, ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ya kuma ɓoye na'urar daga yara, domin ruwanta guba ne ga ƙaramin yaro idan ya haɗiye.