Gandu da Gayauna: Wane Tsari Ne Ya Ɗaga Ƙasar Sin?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ran da take ci, ya tsaya ya dubi hajar da aka baza tun daga bakin tasha har rumfunan 'yan tireda, zai tarar da cewa babur ɗin da manomin Dabawa ya ɗauro buhun gero a kai, da injin ban-ruwan da yake tayawa saboda noman rani, da fitila mai caji, da wayar da ke aljihunsa, har da atamfar da zai saya wa maiɗakinsa, galibinsu daga ƙasa guda suka fito, watau ƙasar Sin. Abin da ya cancanci a yi masa tunani shi ne, wannan ƙasa da ta cika duniya da haja, wadda a 2010 ta shige gaban Japan ta zama ta biyu a ƙarfin arziki bayan Amurka, jam'iyyar Kwaminis ce ke riƙe da ragamarta tun 1949, alhali kuwa abin da muka taso muna ji game da kwaminisanci shi ne, aƙida ce da ta haramta wa mutum ya tara jari ko ya ci riba da gumin wani. To, ta yaya magabtan jari suka wayi gari su ne manyan fatake na zamani?

Asalin aƙidar, kamar yadda Karl Marx ya shimfiɗa ta, ita ce gona da masana'anta da ma'adinai su fita daga hannun ɗaiɗaikun mutane su koma na jama'a baki ɗaya, ta yadda ba sauran ubangida da bara. Amma akwai wani tsari dabam wanda masana ke kira jari-hujja na gwamnati, inda kasuwa ke ci, ana saye da sayarwa ana ƙirga riba, ana ɗaukar ma'aikaci ana sallamarsa, sai dai hukuma ita ce babbar 'yar kasuwa, ita ke da bankuna da manyan kamfanoni, ita kuma ke nuna inda jari zai dosa. Lenin da kansa, da ya ga yunwa ta addabi Rasha a 1921, ya sassauta wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa, bai kuwa ji nauyin kiran abin da wannan suna ba.

Mutumin ƙasar Katsina ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane inda gizo ke saƙar, domin kakanninmu sun san gandu sun san gayauna. Mai gida da ƙannensa da 'ya'yansa sukan taru su noma gandu, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, daga nan a ci, a biya haraji, a yi wa saurayi aure. Amma kowane baligi yana da 'yar gayaunarsa da yake zuwa da yamma ko ran da ba a fita gandu, kuma abin da ya samu a nan nasa ne, ba mai tuhumarsa. Abin da Mao Zedong ya yi a 1958 shi ne ya mai da karkarar ƙasar Sin kaf manyan gandaye, ya soke gayauna, har tukunyar tuwo ya sa aka haɗa ta wuri guda. Aka umarci ƙauyawa su narka ƙarfe a bayan gida, mutane suka jefa fartanyu da tukwane cikin wuta don cika adadin da aka yanka musu, jami'ai kuma, saboda tsoron fushin na sama, suka riƙa aika rahoton amfanin da ba a girbe ba, hukuma ta karɓi rabonta bisa ƙididdigar ƙarya. Sakamakon haka, tsakanin 1959 da 1961, aka yi yunwar da ta ci rayukan miliyoyin mutane masu yawa, wadda masana tarihi ke lissafa ta cikin mafi muni da aka taɓa gani.

Mao ya rasu a 1976. Cikin hunturun 1978, a wani ƙauye mai suna Xiaogang cikin lardin Anhui, inda bara ta zama al'ada bayan kaka, magidanta 18 suka taru a ɓoye cikin wani ɗakin ƙasa, suka rubuta yarjejeniya cewa za su raba gonar gandu gida-gida, kowa ya biya hukuma abin da ta yanka, saura ya zama nasa. Da yake sun san abin da suka aikata laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku ko kushewa, sai suka ƙara sharaɗi cewa in an kama jagororinsu, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18, sa'an nan kowa ya dangwala yatsa da jan tawada. Gona ita ce dai ta jiya, fartanya ita ce ta jiya, mutanen ma su ne, amma da kaka ta zo amfanin ya ninka na shekarun baya. Deng Xiaoping, wanda ya karɓi akalar jam'iyya a watan Disamba na wannan shekara, maimakon ya hukunta su sai ya bari abin ya bazu. A 1979 hukuma ta ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin da take sayen hatsi, kuma kafin 1985 an wargaza gandayen Mao. Rarar da ta shiga hannun manoma ita ta haifi ƙananan masana'antu na karkara, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 suka ɗauki fiye da mutum miliyan 100 aiki.

Daga nan aka buɗe ƙofa sannu a hankali. A 1980 aka keɓe Shenzhen da wasu garuruwa uku na bakin teku don baƙi su zuba jari, a 2001 ƙasar ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, jam'iyya kuma ta yarda attajirai su yanki katinta. A yau kamfanoni masu zaman kansu ne ke samar da fiye da kashi 60 cikin ɗari na arzikin ƙasar, da fiye da kashi 80 na ayyukan yi a birane, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Amma fa akwai abubuwan da hukuma ba ta taɓa sakin su ba. Ƙasar birni ta gwamnati ce, ta karkara ta jama'ar ƙauye ce, manomi aro yake na shekara 30, mai gida a birni na shekara 70. Manyan bankuna huɗu, da man fetur, da lantarki, da jirgin ƙasa, da layukan waya duk na hukuma ne. Doka ta tanadi reshen jam'iyya a kowane kamfani da ke da 'yan jam'iyya uku. Kuma a ƙarshen watan Oktoba na 2020, da Jack Ma, wanda ya kafa kamfanin Alibaba, ya soki masu kula da bankuna a bainar jama'a, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant. Bilhasali, a fagen dukiya kasuwa ce ke aiki, a fagen mulki kuwa tsarin Lenin na jam'iyya ɗaya yana nan daram, kuma attajiri, komai yawan abin hannunsa, baƙo ne a gidan hukuma.

Da wannan fuska ƙasar Sin ta iso mana. Nijeriya ta ƙulla zumunci da ita a 1971, amma kamfanin CCECC da ya shimfiɗa layin dogo daga Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, na gwamnatin Sin ne, kuma bashin da aka yi aikin da shi daga bankin gwamnatin Sin ya fito. Haka matatar man da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, kamfanin CNPC na gwamnatin Sin ke da kashi 60 cikin ɗari nata. Waɗannan ayyuka suna da amfani, ba mai musu, sai dai ciniki ne da bashi, ba sadaka ba, kuma 'yan Kantin Kwari da marinan Kano, waɗanda atamfa da shadda masu araha suka karya wa kasuwa, sun riga kowa sanin haka.

Kada kuma mu ɗauka cewa gwamnati mai kasuwanci baƙon abu ne a gare mu. A zamanin Sardauna hukumar ciniki ta Jihar Arewa ita kaɗai ke sayen gyaɗa da auduga don fitarwa waje, tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, tana zuba rarar cikin ayyukan raya ƙasa, kuma masaƙar Kaduna ta 1957 da hannun gwamnati aka kafa ta. A 1978, shekarar da mutanen Xiaogang suka dangwala yatsa, Janar Obasanjo ya kafa dokar da ta danƙa filaye duka a hannun gwamna. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun yi kiran 'yantar da talaka tun 1950, kuma Alhaji Balarabe Musa na PRP, gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna wadda Katsina ke cikinta, ya soke haraji da jangali a 1979, tun kafin Sin ta soke harajin noma a 2006. Gwamnatin tarayya ta gina kamfanin mulmula ƙarfe a Katsina, daga baya ta sayar da shi. Ta kuma datse kogin Karaɗuwa ta gina madatsar Zobe nan kusa da Dutsin-Ma, aka gama a 1983 da nufin shayar da garuruwa da dubban kadada na noman rani, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shanta, bayan shekara 38. Ashe mallakar hukuma kaɗai ba ta isa hujja ba. Bambancin shi ne, a can ƙasar Sin jami'in gunduma ya san ci gabansa ya rataya a kan abin da gundumarsa ta samar, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an rufe dubban kamfanonin gwamnati da ba sa riba, ko da yake miliyoyin ma'aikata sun ɗanɗana kuɗarsu. A nan kuwa sau da yawa aiki yakan ƙare ran da aka yanke ƙyalle.

Malamanmu na da ba su bar wannan mas'ala ba. Ibn Khaldun, cikin Muƙaddima, ya yi gargaɗi cewa idan sarki ya shiga fatauci yakan cuci talakawa ya kuma raunana baitulmali, domin ba wanda zai iya gasa da mai riƙe da takobi da ma'auni a lokaci guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da marina da sauran masu sana'a, da gina kasuwanni da gyaran hanyoyi. In aka haɗa maganganun nan biyu, za a ga cewa wajibin hukuma ne ta share fage, amma hatsari ne ta mamaye shi, kuma ƙasar Sin ta bunƙasa ne daidai gwargwadon yadda ta kusanci nasihar Bello, tana kuma tuntuɓe a duk inda ta faɗa cikin abin da Ibn Khaldun ya ji tsoro.

Adalci ya wajabta a faɗi tsadar abin. Ma'aikaci a ƙasar da ke kiran kanta ta ma'aikata ba shi da ikon kafa ƙungiyar ƙwadago sai wadda jam'iyya ta yarda da ita. Ɗan ƙauyen da ya je birni cin rani, saboda rajistar mazauni, 'ya'yansa ba sa samun makaranta da asibiti daidai da 'yan birni. An murƙushe masu zanga-zanga da tankokin yaƙi a Beijing a 1989. Kuma a watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton munanan take haƙƙi a kan Musulmin Uygur na Xinjiang, ko da yake hukumomin Sin sun musanta. Mumini ba zai so a saya masa ƙoshi da wannan farashi ba.

Saboda haka, idan masu mulkinmu suka dawo daga Beijing suna yabon dogayen benaye da jirage masu gudun iska, haƙƙinmu ne mu tuna musu cewa daga gona aka faro. Abin da manomin Dabawa yake bukata a wurin hukuma sananne ne: aminci ya je gona ya dawo lafiya, ruwan Zobe ya iso fadamarsa ta magudanar da ake gyarawa, taki ya zo kafin shuka, hanya ta kai amfaninsa kasuwa, sa'an nan a bar masa abin da ya noma ya sayar da daraja. Waɗannan ba sa bukatar jam'iyya ɗaya ko toshe bakin jama'a. Suna bukatar riƙon amana da bin diddigin wanda aka ba aiki, kuma mu da muke da ƙuri'a da bakin magana, in muka yi shiru, ba mu da uzurin da talakan Sin yake da shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke wuyansu.