Tsofaffin kundayen asibiti: yadda ake ceto su daga ruwa da gara

A asibitoci da gidajen haihuwa da dama, tsofaffin kundaye na jibge cikin ɗakin ajiya, ƙura ta lulluɓe su. Alhali cikinsu akwai ranakun haihuwa da na mutuwa, da cutar kowane majinyaci da maganin da aka ba shi. Wanda ba shi da takardar haihuwa, wani sa'in kundin gidan haihuwa ne kaɗai shaidarsa gaban alƙali. Masu bincike ma da irin waɗannan bayanai suke aiki: a 1963, wani likita Bafaranshe, Léon Lapeyssonnie, ya dogara da alƙaluman ma'aikatun lafiya ya zana yankin da sankarau ya fi addaba a Afirka, wanda Nijar ke cikinsa.

Abokan gabar takarda sanannu ne: gara, ɓeraye, tsatsar ƙarafan da ake maƙale shafuka da su, sai ambaliyar damina da ta fi su duka saurin ɓarna.

In kundi ya jiƙe, babu jira, don bayan awa 48 fumfuna ke fara kama shi. Kada a shanya shi a rana, takarda za ta ƙandare ta karye. Kada kuma a ɓamɓare shafukan da suka manne. A inuwa ake busar da shi, gaban fanka, ana sa farar takarda tsakanin shafuka tana tsotse damshi, ana canza ta a kai a kai. In kundayen sun yi yawa, a naɗe su cikin leda a daskarar da su, sannan a riƙa fiddo su kaɗan-kaɗan. Yawancin dabarun nan sun bunƙasa ne bayan ambaliyar da ta cinye ɗakunan karatu na birnin Florence, a Italiya, cikin Nuwamba 1966.

Wajen gyaran yagewa, Scotch guba ne: yana ja, ya bar tabo, ya tafi da rubutu. Ƙwararru na amfani da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, wanda ake iya cirewa da ɗan damshi ba tare da lahani ba.

Bayan gyara sai a ɗauki hoton kowane shafi a adana cikin kwamfuta, tare da kiyaye sirrin majinyata. Asalin kundin kuma a ɗora shi kan kantar ƙarfe, nesa da ƙasa da bango, tun kafin hadarin farko ya haɗo.