Yadda Faɗuwar Farashin Mai Ta Rusa Ƙungiyar Ƙwallon Gora ta Mata a Wata Jami'ar Amurka

A ranar 29 ga Maris, 2017, Jami'ar Dakota ta Arewa da ke birnin Grand Forks a Amurka ta sanar da rushe ƙungiyarta ta mata masu buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara. Tare da ita aka rushe ƙungiyoyin ninkaya na maza da na mata. Dalilin da hukumar jami'ar ta bayar shi ne kuɗi: an umarci sashen wasanni ya zaftare kimanin dala miliyan 1.3 daga kasafinsa, kuma a nan wuƙar ta faɗa.

Wasan kansa baƙo ne a ƙasar Hausa, don haka sai an ɗan fayyace shi kafin a gane inda tsadarsa take. Ana buga shi a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon kusan mita 61 da faɗin mita 26. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili, har da mai tsaron gida. Takalmansu na da ƙarfe siriri a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke sulɓi, kuma abin da suke kora da sandunansu masu lanƙwasasshen kai wani faifan baƙar roba ne mai tauri wanda bai kai tafin hannu ba. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20. Duk wanda ya ga yadda mai sayar da ƙanƙara a Gagarawa Tasha ko kasuwar Maigatari ke lulluɓe ƙullinta da buhu da diddigar katako a watan azumi, yana sauri kada ta narke kafin la'asar, zai iya kwatanta abin da ake kashewa wajen riƙe fili guda a daskare wata da watanni. Bututu ne shimfiɗe a ƙarƙashin daɓen, injuna na tura ruwan sanyi cikinsu dare da rana, sannan akwai mota ta musamman da ke kankare saman tana zuba sabon ruwa tsakanin zagaye da zagaye. Ga kayan kariya daga kai har ƙafa, ga sanduna masu karyewa, ga tafiye-tafiye zuwa wasu jihohi, ga albashin masu horarwa. Mafi nauyi duka shi ne tallafin karatu, domin a manyan jami'o'in Amurka ɗan wasa yakan yi karatu ne jami'a na biya masa kuɗin makaranta da masauki da abinci, kuma a wannan wasa dokar lokacin ta yarda a ba ƙungiyar mata cikakken tallafi har 18.

Ƙungiyar da aka rusa ba ta baya ba ce. An kafa ta a 2002, ta sha kashi a shekarunta na farko, sannan ta miƙe a hannun mai horarwa Brian Idalski, musamman bayan da tagwayen nan 'yan asalin garin, Jocelyne da Monique Lamoureux, suka baro Jami'ar Minnesota suka dawo gida. Ta kai gasar ƙasa a 2012 da 2013. A karo na biyun sai da aka yi ƙarin lokaci har sau uku kafin Minnesota, wadda ba a ci ta ko sau ɗaya ba a wannan kakar, ta fitar da ita da ci 3 da 2. 'Yan wasa daga Turai, irin su Michelle Karvinen ta Finland, sun zo sun yi karatu sun buga mata. Filin da take wasa kuwa na cikin mafi ƙayatarwa a duniyar wannan wasa. Wani tsohon ɗalibi, attajiri Ralph Engelstad, ya gina shi da fiye da dala miliyan 100, aka buɗe shi a 2001, yana ɗaukar 'yan kallo sama da 11,000.

Asalin matsalar daga rijiyoyin mai ta taso. Dakota ta Arewa jiha ce ta manoman alkama a kan iyakar Amurka da Kanada, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Da aka soma haƙo man yankin Bakken da yawa, sai ta zama ta biyu a Amurka bayan Texas, tana fitar da ganga fiye da miliyan ɗaya a rana, kasafin gwamnatinta ya kumbura. Daga tsakiyar 2014 farashin ganga ya gangaro daga sama da dala 100 har ya faɗi ƙasa da dala 30 a farkon 2016, farashin amfanin gona ma ya yi ƙasa. Mutanen Nijeriya sun san wannan guguwar da idonsu, domin ita ce ta sa jihohi da dama suka kasa biyan albashi har gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba su rancen ceto a 2015, ita ce kuma ta jefa ƙasar cikin karayar tattalin arziki a 2016. Abin da ya rage kason wata-wata da ke zuwa Dutse da ƙananan hukumomin Gumel da Sule Tankarkar shi ne dai ya rage abin da gwamnatin Dakota ke ba jami'o'inta. Tun a 2016 jami'ar ta rufe ƙungiyar maza ta wasan besbol, shekara ta zagayo aka sake neman inda za a yanka.

A nan ne lissafin ya fi jan hankali. A lokacin jami'ar na da ƙungiyoyin ƙwallon gora biyu, suna amfani da fili ɗaya. Ta maza ta ci kofin ƙasa karo na takwas a 2016, tana cika filin maƙil, tikiti da tallace-tallace da gudummawar tsofaffin ɗalibai na shigowa ta dalilinta. Ta mata na cin kusan dala miliyan 2 a shekara, 'yan kallonta a yawancin ranaku ɗaruruwa ne, abin da ake samu a ƙofa bai taka kara ya karya ba. Ga akawu, zaɓin a bayyane yake: da sara ɗaya a nan an cike giɓin duka, maimakon a bi ƙananan ƙungiyoyi huɗu ko biyar ana tsakura. Sai dai wannan lissafi yana ɓoye wani abu. Kusan duk wasannin jami'a a Amurka, na maza da na mata, asara suke yi, ƙalilan ne ke ciyar da kansu. In da riba ce ma'auni, da guje-guje da tanis da sauransu sun daɗe da tafiya. Ƙungiyar maza kuma ta shafe fiye da shekara 70 tana tara magoya baya, kaka ya kai jika kallo, yayin da ta mata shekararta 15 kacal. An auna ɗan maraƙi da bijimi a sikeli ɗaya, aka ce maraƙin ba shi da nama.

Yadda labarin ya isa ga 'yan wasan ya ƙara wa abin ɗaci. Suna kan ƙanƙara suna atisaye maganar ta fasu a kafafen labarai, kafin shugabannin jami'ar su zauna da su. A ranar ma akwai wata yarinya da ta zo daga nesa ganin makarantar da ta yi niyyar buga wa wasa. Kwana ɗaya kafin nan ne kuma ƙungiyar mata ta ƙasar Amurka, da tagwayen Lamoureux a sahun gaba, ta ci nasarar takaddamarta da hukumar wasan kan albashi, bayan ta yi barazanar ƙaurace wa gasar duniya. Jami'ar ta ce za ta ci gaba da biyan tallafin karatun duk wadda ta zauna, amma mai son ci gaba da wasa dole ta nemi wata makaranta, a lokacin da jami'o'in da ke wannan mataki ba su kai 40 ba kuma yawancinsu sun riga sun cike gurabensu. Da magoya baya suka nemi a ba su dama su tara kuɗi, shugaban jami'ar na lokacin, Mark Kennedy, ya ce sai an samar da asusun dala miliyan 60 wanda ribarsa za ta riƙa ɗaukar ƙungiyar har abada. Wannan adadi ya rufe ƙofar.

Wata goma sha ɗaya bayan sanarwar rushewar, a ranar 22 ga Fabrairu, 2018, ƙungiyar mata ta Amurka ta doke ta Kanada a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, zinarenta na farko tun 1998. Monique ce ta farke ci, Jocelyne ta zura ƙwallon da ya raba gardama a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Akwai kuma ɓangaren shari'a. Tun 1972 Amurka na da dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. A fagen wasanni, hanya mafi sauƙi ta cika sharaɗinta ita ce yawan gurabe na mata da maza ya yi daidai da yawansu a cikin ɗalibai. Dokar guraben take ƙirgawa, ba ta ce dole a riƙe wani wasa takamaimai ba, kuma da wannan jami'ar ta kare kanta. Tsofaffin 'yan wasa 11 sun shigar da ƙara a 2018, kotun tarayya ta kore ta a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a 2021. Kafin nan waɗanda suka fara ƙarar sun gama karatu ko sun watse.

A jami'o'in Nijeriya tsarin daban ne. Wasanni na rayuwa ne kan ɗan kuɗin da ake haɗawa cikin rajistar ɗalibai da abin da hukuma ta ga dama ta ware, kuma babban dandalinsu shi ne gasar NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Ba a cika jin sanarwar rushe ƙungiya ba. Abin da aka saba gani shi ne motar tafiya gasa ta zama ɗaya maimakon biyu, a ɗauki 'yan ƙwallon ƙafa maza, a ce wa sauran sai baɗi.

Ko a Amurkan ma ba duk labaran ne ke ƙarewa iri ɗaya ba. Jami'ar Wayne State da ke Detroit ta rufe tata ƙungiyar matan a 2011 bayan jihar Michigan ta rage mata kuɗi. Jami'ar Robert Morris da ke kusa da Pittsburgh ta rufe ta maza da ta mata gaba ɗaya a watan Mayun 2021, amma tsofaffin ɗalibai da mutanen gari suka tara gudummawa, hukuma ta janye matakin a watan Disamba na wannan shekarar, ƙungiyoyin biyu suka koma fili a kakar 2023.